Ashiru Mu'azu da Jirgin da Ya Kife a Fadama

Ashiru Mu'azu Tarauni ya rasu ranar Talata, goma sha biyu ga watan Agusta, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, yana da shekara talatin da huɗu. Ma'aikacin jinya ne a sojan sama. Jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauko su daga bakin daga a arewa maso gabas, tare da sojoji uku da aka raunata, shi ne ya kife a wata fadama lokacin da matuƙin yake ƙoƙarin saukar dole. Su bakwai ne a ciki, huɗu suka cika. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Sunana Sadiq. Tare muka yi makarantar koyon aikin jinya da shi, tare muka zauna ɗaki ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi shekara huɗu, kuma tare muka fara aiki a asibiti kafin ya sa kaki.

Ashiru, labarinka ya same ni ranar Laraba da hantsi ina kan aiki. Ina wanke wa wata dattijuwa ƙunar ruwan zafi a ƙafa, wayata ta yi ta rawa a aljihu har sau uku. Da na cire safar hannu na ɗauka, sai na ji muryar ƙaninka Mubarak. Ya ce wasu hafsoshi biyu sun zo gida, suna zaure, sun tambayi wane ne babba a gidan. Nan take na gane. Na ce masa ga ni nan zuwa. Sai na koma na sa wata safar, na ƙarasa wa matar nan ɗaurinta, na rubuta abin da na yi mata a fayil, na wanke hannu, na je neman izini wajen shugabarmu. Ta dube ni ta ce lafiya dai ko. Na ce lafiya, abokina ne ya rasu. Na ji muryata da kunnena, ba ta canza ba ko kaɗan. Na hau adaidaita sahu zuwa Tarauni ina karanta sunayen shaguna a bakin titi ɗaya bayan ɗaya. Yau kwana goma sha tara ke nan, kuma har yanzu hawaye bai zo mini ba. Mutane suna yaba mini haƙuri. Ni na san ba haƙuri ba ne.

Ranar da na fara ganinka ka makara. Malami ya riga ya fara darasi, ka shigo da takalmi duk taɓo, ka zauna kusa da ni, ka ce in ara maka biro. Makara ba ta taɓa barinka ba har ka bar duniya, kuma kullum da dalili. Ko dai ka tsaya duba ciwon wani, ko wata maƙwabciya ta tare ka da jaririnta mai zazzaɓi, ko kuma barci ne kawai ya kwashe ka, wanda shi ba ka cika faɗa ba. Ba ka amsa saƙon waya sai bayan kwana uku. Idan ka kafe a kan magana, ba mai kawar da kai. Ina faɗin waɗannan ne don kada wanda bai san ka ba ya ɗauka waliyyi nake siffantawa. Mutum ne kai, kuma mun sha yin faɗa.

Mahaifinka Malam Mu'azu daga Sumaila ya shigo Kano, ya yi shekara ashirin yana jan motar haya tsakanin Unguwa Uku da cikin gari. Ya rasu muna aji biyu, ciwon suga ya cinye masa ƙafa kafin a gane. Daga nan mahaifiyarka, Inna Jummai, ta riƙe gidan da injin markaɗenta. Ba ka cika maganar rasuwarsa ba, amma na lura tun daga lokacin ba ka iya wuce gyambo ka kau da kai.

Ɗakinmu na Gyaɗi-Gyaɗi yana bayan shagon mai faci, kuma a soron gidan akwai wani tsohon mai gadi, Baba Yusuf, da irin ciwon mahaifinka a ɗan yatsan ƙafa. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ce duk wanda aka kai da irin wannan ba ya dawowa da ƙafa biyu. Ba ka yi musu da shi ba. Ka dafa ruwa, ka zuba gishiri, ka durƙusa a gabansa. Wata bakwai kana wanke ƙafar nan kowace safiya kafin ka tafi aiki, warin kuwa ko ni da nake cikin sana'ar sai na matsa gefe. A wata na uku ka lallaɓa shi har ya yarda ya ga likita, da sharaɗin kai za ka riƙe masa hannu. Da ƙafafunsa biyu ya zo zaman makokinka, ya zauna a ƙarshen tabarma, da zai tafi ya ce da ni a nuna masa ta inda Maiduguri take, inda aka binne ka. Na nuna masa gabas. Ya daɗe yana kallon wajen.

A sashen yara an san ka da abu ɗaya. Idan aka kawo yaron da gudawa ta tsotse, jijiya ta ɓuya, an soka nan an soka can an rasa, sai a ce a kira Ashiru. Za ka zo ka zauna a bakin gado kamar ba ka da wani aiki a duniya, ka tambayi yaron sunansa, ka tambaye shi ɗan wace unguwa ne, wa ya fi so a gidansu. Kafin ya gama amsawa allura ta shiga, ruwa ya fara tafiya. Manya ma haka kake yi musu. Na taɓa tambayarka sirrin, ka ce babu wani sirri, mutum in yana maganar gidansu jikinsa yakan saki.

Ranar da za a kai ka gaida iyayen Hafsat, wadda ta zama matarka, mun fito da farar shadda ni da kai, mun zo daidai mahaɗar titin Gidan Zu sai ga mota ta banke mai adaidaita sahu. Mutane suka taru suna salati, wasu suna ɗaukar hoto. Kai kuwa ka riga ka tsuguna a cikin jini, ka yage hannun rigarka ka ɗaure masa cinya, ka sa aka tare wata mota, ka shiga da shi. Awa biyu iyayen yarinya suna jira. Muka isa da rigarka mai hannu ɗaya, gabanta duk ya yi ja, ina ta roƙonka mu koma ka sake, kana cewa ai an riga an makara. Mahaifin Hafsat ya dube ka sama da ƙasa, ya ji bayani, ya ce a kawo maka ruwa ka wanke hannu, maganar aure kuma ya gama yanke ta, ya ba ka.

Wani abu da sojojin da ka yi aiki da su wataƙila ba su sani ba shi ne kana tsoron hawa sama. Shekara huɗu a ɗakin nan, duk damina kwanonmu yana yoyo, ni nake hawa in toshe, kai kana ƙasa riƙe da tsani idonka a rufe. Da ka faɗa wa abokanmu ka shiga sojan sama sai da aka yi mako ana dariya. Bayan hawanka na farko ka kira ni ka ce ka amayar da duk abin da ka ci tun jiya. Na tambaye ka daga baya ko ka saba. Ka ce ba ka saba ba, kuma ba ka jin za ka saba. Idan jirgin ya tashi ba kowa a ciki, kakan ji kamar ranka zai fita, amma idan akwai majinyaci a gabanka, shi kake kallo har a sauka.

Shekara shida ka yi a haka. Ba ka ba mu labarin abin da kake gani a can. In ka zo hutu sai ka yi ta barci, ka ɗauki 'yarka Mufida ka zaga da ita gidajen dangi, ka zo asibiti ka zauna a ofishinmu kana sha mana shayi. Zuwanka na ƙarshe da ƙaramar Sallah ne. Na raka ka tasha a Unguwa Uku, muna gardamar ƙwallo har motar ta cika. Abin da na faɗa maka na ƙarshe shi ne ba ka san komai ba a harkar. Ka yi dariya ka rufe ƙofa.

Ranar Alhamis muka kama hanyar Maiduguri ni da Mubarak. Inna ta ce kada a ƙara wahalar da kai da doguwar tafiya, a binne ka can tare da waɗanda kuka tafi tare, amma wani nata ya je ya gan ka da ido. Ruwa aka yi ta yi daga Potiskum har Damaturu. Mubarak yana kuka yana sharewa, ni ina kallon gonaki, ina cewa a raina gero ya yi kyau bana. Da aka kai mu ɗakin ajiye gawa ya kasa shiga, ni na shiga. Aka janyo ka, aka buɗe fuskarka. Na tsaya ina duba ka yadda aka koya mana. Na lura da karaya a haƙarƙari, na lura da inda ƙarfe ya shiga ta baya, na ƙiyasta jinin da ka zubar. Fuskarka ba abin da ya taɓa ta. Gemunka ya ɗan yi tsawo. Ma'aikacin wurin ya ce ko shi ne, na ce shi ne, na sa hannu a takarda. Da ni aka yi maka wanka. Bayan sallar Juma'a aka sallace ku, ku uku Musulmi, na huɗun kuma, mataimakin matuƙin, danginsa suka tafi da shi garinsu.

Da yamma aka ba ni izinin ganin ɗaya daga cikin waɗanda suka rayu, Kofur Auwalu, ɗan Gumel, wanda harsashi ya fasa wa cinya tun a sansaninsu. Yana kwance da ƙarin ruwa a hannu. Da na ce masa ni abokinka ne, sai ya juya fuska bango na ɗan lokaci, sannan ya ba ni labari, kuma ga shi yadda ya ba ni.

An kawo wa sansaninsu hari da safiyar Talata, aka raunata su uku, aka kira jirgi. Kuka sauka kuka kwashe su cikin minti kaɗan. Kun yi kamar kwata kuna tafiya sai suka ji ƙara daga ƙasa kamar ana jifan kwano da tsakuwa, jirgin ya girgiza, hayaƙi ya fara shigowa, ƙarar injin ta canza. Matuƙin ya ce kowa ya ɗaure, zai sauka. A ƙasa akwai wani ɗan ƙauye, da fili mai kyau a gefensa, amma cike yake da mata da yara suna aiki a gona. Sai ya karkata ya nufi wata fadama can gaba. Daga sama ciyawa ce shimfiɗe, ba wanda zai san ruwan damina ya mayar da ƙarƙashinta taɓo.

Auwalu ya ce kana zaune a kujerarka, ka ɗaure bel kamar kowa. Da jirgin ya karkata sai ɗaya daga cikin igiyoyin da suka riƙe gadonsa ta tsinke, gadon ya fara zamewa yana nufar ƙofa. Wani ya yi maka tsawa ya ce ka zauna. Ka kwance bel ɗinka, ka rarrafo, ka kwanta a kansa, ka maƙale ƙarfen jikin jirgin da hannu ɗaya. Ya ce fuskarka tana dab da tasa, gumi yana ɗiga, kuma ya ga tsoro a idonka ƙarara.

"Ɗan wane gari ne kai?" ka tambaye shi.

"Gumel."

"To, wa ka bari a Gumel?"

Ya ce ya buɗe baki zai ambaci sunan mahaifiyarsa ke nan, ƙafar jirgin ta taɓa ƙasa ta nutse, jirgin ya kife, fukafukinsa ya sari ƙasa ya tarwatse. Matuƙin da mataimakinsa da ɗaya daga cikin masu raunin nan take suka cika. Wuta ba ta tashi ba, taɓon ne ya hana. Makanikin jirgin, wanda ya fita da karayar hannu, shi ya janye ku waje. Kana da rai a lokacin. Auwalu ya ce ɗaurin cinyarsa ya kwance jini yana zuba, kai kuma kana kwance ba ka iya motsi, sai ka dinga faɗa wa makanikin inda zai danna da yadda zai murɗa ƙyallen, a hankali, kana tsayawa kana neman numfashi. Da jinin ya tsaya ka ce a duba ɗayan. Aka ce maka shi ma yana numfashi. Ka ce to. Daga nan ya ji kana kalmar shahada, sau biyu ko uku, sai ka yi shiru. Mutanen ƙauyen ne suka fara isowa, suka yi muku inuwa da zannuwansu har aka kawo ɗauki.

Da ya gama ya ce in yafe masa. Na ce ba abin da ya yi. Na duba robar ƙarin ruwansa na ga ta kusa ƙarewa, na kira ma'aikaciyar ɗakin, na fito.

Abin da na fi tsoro a tafiyar nan duka shi ne dawowa gaban Inna. Akwai dalili. Ni na kawo maka sanarwar ɗaukar ma'aikatan jinya a soja, tare muka cike takardun, ni aka mayar da ni saboda idona, kai aka ɗauke ka. Inna ta ce ba ta yarda ba, ta yi kwana uku ba ta kunna injinta ba. Ni ka turo in lallashe ta, don tana jin maganata. Na zauna a gabanta na ce mata nas ba ya zuwa bakin daga, a asibitin bariki za ka zauna kamar yadda muke zaune a nan, bambancin kaki ne kawai. Ban san ko gaskiya ba ne lokacin da na faɗa. Na faɗa ne don ina so ta yarda, kuma ta yarda.

Na same ta ranar Asabar da la'asar a tsakar gida, mata sun ɗan ragu, carbi a hannunta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce na gan ka, na ce na gan ka. Ta ce da ni aka yi wanka, na ce da ni. Sannan ta ce:

"Sadiq, kai ma'aikacin asibiti ne. Kada ka yi mini irin maganar da kuke yi wa mutane. Ya sha wuya?"

Na riga na shirya amsa tun a mota, cewa nan take ka cika ba ka ji komai ba. Da ta dube ni sai na kasa. Na ce, "Ya ɗan jima, Inna. Kamar minti goma ko sha biyar. Ya ji ciwo. Amma aiki yake yi har ya cika, kuma ya yi shahada, an ji shi." Na ba ta labarin Auwalu duka, ban rage komai ba. Da na kai ƙarshe na ce mata ni na ce ba za a kai ka bakin daga ba, na roƙe ta ta yafe mini.

Ta ce, "Tun a ranar na san ba ka sani ba. Ba maganarka ce ta sa na yarda ba. Na ga yana so ne."

Sai ta tambaye ni ko yaron nan na Gumel yana da uwa. Na ce yana da ita. Ta ce a nemo mata lambarta, tana so ta yi mata barka. Ta juya ta ce da wata yarinya a zubo mini abinci, na ci, ban san me na ci ba.

Na koma aiki ranar Litinin. Ina zuwa a kan lokaci, ina yin abin da ya kamata, ina gaisawa da mutane. In na bi ta Gyaɗi-Gyaɗi nakan ga tsohon ɗakinmu, wasu ɗalibai ne a ciki yanzu, sun rataye fararen rigunansu a igiya. Nakan tsaya in jira in ji wani abu, sai in ji ba komai, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Shugabarmu ta ce kukan zai zo, kuma in ya zo kada in hana shi. Ina jira.

Hafsat tana takaba a ɗakin Inna. Ba ta cika magana ba. Mufida shekararta uku, an gaya mata, ta ce to, ta ci gaba da wasanta, bayan ɗan lokaci ta dawo ta tambayi yaushe za ka zo. Saboda ita na yi wannan rubutu. Inna ce ta sa ni. Ta ce ita ba ta iya boko ba, kuma ba ta san ko za ta kai lokacin da yarinyar za ta yi hankali ba, don haka in rubuta mata ubanta yadda yake, kada in ƙara masa abin da ba shi da shi, kada kuma in ɓoye mata yadda ya tafi. Na yi iyakar abin da zan iya, Ashiru. Gobe bayan la'asar zan je in karanta wa Inna, in akwai inda na kauce ta gyara mini.

Ya Allah, ga bawanKa Ashiru ɗan Mu'azu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka karɓi shahadarsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka amintar da shi daga dukkan tsoro. Ka sa ciwukan da ya wanke su zama masu wanke shi ranar hisabi. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi. Ka jiƙan waɗanda suka tafi tare da shi, Ka bai wa iyalansu dangana, Ka bai wa Auwalu da sauran biyun lafiya. Ka kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Jummai, da Hafsat, da Mubarak da 'yan uwansa, da dangi na Sumaila, da mutanen Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da abokan aikinsa na asibiti da na bariki. Allah Ya ba ku haƙurin da zai ɗore bayan an naɗe tabarmi kowa ya koma gidansa. Allah Ya raya Mufida, Ya shirye ta, Ya sa ta zama mai yi masa addu'a. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.